Haddisk ɗina na neman mutuwa, kuma karatun Baba na ciki

Mai Hoto Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar kwamfuta ya agaza min, tun jiya ban runtsa ba. Haddisk ɗina ne na waje mai tera 2, shekara biyar ke nan ina zuba aiki a ciki, duk biki da suna da na ɗauka daga Aboabo zuwa Sawaba har Tafo yana ciki. Tun makon jiya na lura in na buɗe folda sai ya daɗe yana juyi, na ɗauka laftof ɗin ce ta gaji. Jiya da daddare ina kwafe hotunan bikin da na ɗauka ran Lahadi daga cikinsa, ya kai wajen kashi 40 sai ya tsaya cak, na cire na mayar, sai Windows ta ce wai sai na yi fomat kafin in yi amfani da shi. Ban danna ba. Hotunan mutane na damuna don ban ba amarya nata ba tukun, amma abin da ya hana ni barci folda ɗaya ce, karatun marigayi Baba na azumi uku na ƙarshe da ya yi, ni na ɗauka da hannuna da ƙaramar rakoda, kuma babu shi ko'ina sai nan.

Baba Alabar:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makoma. Ɗana ka kwantar da hankali, akwai masu sani a zauren nan.

Ɗan Nima:
Cale abu mai sauƙi, ka naɗe shi a leda ka jefa firiza ya kwana, da safe ka jona da sauri ka kwashe kayanka. Na taɓa yi wlh ya yi aiki

Ɗan Tek:
Yaya sauke Recuva kyauta ce, ko TestDisk, manhajojin dawo da fayil ne. Teburin fatishan ne, wato lissafin yadda aka kasa haddisk ɗin kashi kashi, ya rikice shi ya sa ake ce maka fomat. Minti goma ka gama.

Masta Adum:
Mai Hoto, kafin komai, in yana jone yanzu cire shi. Cire shi ka ajiye a kan tebur inda yara ba za su taɓa ba. Kar ka sa a firiza, kar ka sauke komai tukun, kar ka sake jonawa don ka "duba ko ya dawo". Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka yi dabara da ba ka danna fomat ba. Yanzu amsa min uku: ya taɓa faɗuwa? In ka jona kana jin yana juyawa lafiya ko yana ƙara kas kas kas? Sannan sau nawa ka jona shi tun jiya?

Mai Hoto Aboabo:
Masta na cire. Faɗuwa kam ya taɓa zamewa daga kujerar trotro watanni baya amma a kashe yake cikin jaka. Ƙara kuma ba irin kas kas a jere ba, in na kara kunne ina jin yana juyi sumul, sai dai jefi jefi ya yi wani ɗan cit kamar ƙadangare a rufi sannan fitilar ta tsaya ba ta ƙiftawa. Jonawa gsky ya kai sau goma, har kwamfutar maƙwabcina na kai shi.

Masta Adum:
To alhamdulillahi da sauran numfashi. Bari in faɗa maka abin da ke cikin ƙarfen nan don ka gane dalilin da nake hana ka. A ciki akwai faifai kamar madubi, irin naka na aljihu yawanci yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, manyan na tebur da yawa 7200. A saman faifan akwai allura mai karantawa, ba ta taɓa shi, iskar juyin ce ke ɗaga ta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, silin gashin kanka ya fi ta kauri sau dubbai. In wani wuri a faifan ya fara lalacewa, ko allurar ta raunana, duk sanda aka ce ta karanta wurin sai ta yi ta komawa tana gwadawa, wannan ne cit ɗin da kake ji da tsayawar fitila. Windows kuwa ba ta da haƙuri da mara lafiya, da ka jona sai ta hau karanta teburin fayiloli, ta ƙirƙiro ƙananan hotunan folda, antibairos shi ma ya zo nasa binciken, duk a kan allurar da ke ɗingishi. Sau goman nan da ka jona kowanne ya ci wani abu daga sauran kwanan da ya rage masa.

Ɗan Nima:
Masta duk na ji amma maganar firiza fa ba labari aka ba ni ba, ni na yi da kaina lokacin ina aikin kafe a Nima, ya tashi na kwashe komai

Masta Adum:
Ban ƙaryata ka ba ɗan uwa. Tsofaffin na da, masu giga 40 da 80, wani lokaci ƙarfen juyin ne ke cijewa, sanyi ya sa ya ɗan saki, a samu minti kaɗan. Sa'a ce ka taka. Amma ka ɗauko fiyawota daga firij ka ajiye a tebur a nan Kumasi ka ga yadda yake gumi kafin ka ƙirga ashirin. Haddisk irin wannan ba a toshe yake ruf ba, yana da 'yar ƙofar shan iska mai tace ƙura, raɓar nan za ta kwanta a kan faifan, ka kunna allura ta bi ta kai. Na buɗe wanda aka yi wa haka, zobe ne ya fito a faifan kamar an ja da ƙusa, garin da ya kankaro ya cika matatar ciki baƙi ƙirin. Wannan garin shi ne hotunan mai shi. Ba injin da zai mayar da gari ya koma hoto.

Ɗan Tek:
Na yarda da batun firiza. Amma TestDisk fa karantawa kawai yake yi sai in kai ka ce ya rubuta, mene ne laifinsa?

Masta Adum:
Ba shi da laifi, ni ma kullum da shi nake aiki, shi da ɗan uwansa PhotoRec, mutum ɗaya ne ya rubuta su, Christophe Grenier, kuma kyauta ne. Amma an yi su ne don lafiyayyen faifai da lissafinsa ya rikice, kamar wanda ya goge fatishan bisa kuskure. Na Mai Hoto ciwon a jiki yake. Karatun kansa shi ne wahalar. In ka saki manhajar bincike a kai za ta yi awa da awanni tana bin sa lungu lungu, ta ci karo da mugun wuri ta tsaya tana nacin karantawa, kuma in ya mutu a tsakiya ba ka tsira da komai ba sai jerin sunayen fayil. Ƙa'ida ita ce a fara ɗaukar kwafinsa sukutum, sekta bayan sekta, wato 'yan ƙananan gurabun da ake rubuta bayanai a kan faifan ɗaya bayan ɗaya, zuwa wani lafiyayye. Daga nan a ajiye mara lafiyan a yi duk gwaje gwajen a kan kwafin. Ko ka ɓata kwafin asalin na nan. Sannan chkdsk, mai gyaran faifai na Windows, don na san wani zai kawo shi, shi ya fi kowa ɓarna a irin wannan hali, don shi gyara yake yi ta hanyar rubutu a kan faifan, abin da bai gane ba ya yanke ya zuba a folda found.000 da sunaye marasa kan gado.

Wani Ɗan Sawaba:
Amma kai ma Mai Hoto shekara biyar kana sana'a ba ka da ajiya ta biyu? Google Drive ma giga 15 suke bayarwa kyauta, karatun Malam ai da ya shiga

Baba Alabar:
Yaro, wanda ya faɗa rijiya igiya ake miƙa masa, faɗan sai ya fito. Bar shi ya ji da abu ɗaya.

Mai Hoto Aboabo:
Baba ku bar shi gaskiya ya faɗa. Kullum ina cewa in na karɓi kuɗin biki na gaba zan sayi na biyu, kuɗin ya zo wata lalura ta cinye. Ranar da muka yi sadakar arba'in Inna ta ce in sa mata karatun a waya, na ce sai na zauna na yanka shi gunduwa gunduwa don ya yi mata sauƙin nema, yau shekara biyu ban zauna ba. Wannan ne ke cina. Masta yaya ake ɗaukar kwafin, zan iya da kaina?

Masta Adum:
Za ka iya in kana da natsuwa, amma ka ji sharuɗɗan. Na farko sai ka samu wani haddisk lafiyayye wanda ya kai tera 2 ko ya fi, ko kaɗan kar ya gaza, kuma wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa don za a shafe shi. In za ka sayi na hannu irin wanda ake cirowa daga kwamfutocin da ake shigowa da su, ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa, in ka ga rawaya ka ajiye musu abinsu. Na biyu ba da Windows za a yi ba. Ana sa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows, a filas a tayar da kwamfuta da shi, nau'insa da ake kira SystemRescue ya zo da kayan aikin a ciki, in nau'in Ubuntu ne sunan kunshin gddrescue. Manhajar ita ce GNU ddrescue. Abin da ya sa nake son ta, ba ta da taurin kai: in ta iso mugun wuri sai ta tsallake ta ci gaba da kwasar mai kyau, tana rubuta taswira a wani ƙaramin fayil, nan na samu, nan ban samu ba. Sai ta gama da mai sauƙi sannan ta dawo tana lallaɓa gefen ciwon. Kuma saboda taswirar nan ko an ɗauke wuta, in ka tayar daga inda ta tsaya za ta ɗora. Zagayen farko kamar haka ne
ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc taswira.map
na farkon shi ne mara lafiya, na biyun sabon. Nan ne mutane ke halaka. In ka juya su, ka kwafe fanko ka zuba a kan karatun Malam da hannunka. Sai ka buga lsblk ya jero maka haddisk ɗin da ke jone, ka duba girma da suna sau uku kafin ka danna, don haruffan nan suna canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Taswirar kuma a ajiye ta a wani filas dabam, ba a kan ɗayansu ba.

Ɗan Tek:
Masta a nan ina da ja, da girmamawa. Tera 2 ta USB a kan faifan da ke ciwo zai iya cin kwana biyu ko fiye. In ya mutu a kashi 30 kuma karatun yana can kashi 80 fa? Shi abin da ya fi so bai fi 'yan giga ba. Ba gara a nufi foldar kai tsaye a ɗauko ta ba, sauran in an samu riba ce?

Masta Adum:
Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma da jiya da safe ne lokacin da foldar ke buɗewa, da ni ma cewa zan yi ya fara kwafe ta ita kaɗai. Matsalar yanzu Windows ba ta ma ganin tsarin fayilolin, alama ce ciwon ya taɓa farkon fatishan ko babban teburin da NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, ke rubuta inda kowane fayil yake, wanda ake kira MFT. Ba tare da teburin nan ba ba ka san a wace unguwa foldar take ba. Masu manyan na'urorin ceto bayanai irin PC-3000 abin da kake faɗa suke yi, su fara ciro teburin, su zaɓi folda, injin ya karanta sektocinta kawai, in allurai fiye da ɗaya ne a ciki har su iya kashe mai rauni su yi aiki da sauran. Da ddrescue ma ana iya kusantar haka, a fara da yankin teburin, a buɗe shi daga kwafin, a ga inda fayilolin suke sannan a ce mata ta karanta daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Sai dai wannan ba aikin wanda yau ya fara ganin baƙin allon Linux ba ne. Don haka na sauya magana. Mai Hoto kar ka yi da kanka, garin neman gira kar a rasa ido. Kawo shi Adum gobe bayan azahar, ina da injin tebur da batirin ko ta kwana, mu cire shi daga kwansonsa mu jona ta SATA, kafar da ake jona haddisk a cikin kwamfuta, ta fi USB jure kuskuren karatu. Kai kuma Ɗan Tek in ba ka da lacca ka zo ka gani da idonka.

Ɗan Nima:
A kula dai wasu na aljihun ba sa cirewa, USB ɗin a manne yake da bod ɗin, wato allon lantarkin da ke jikin haddisk, irin su WD My Passport, wasunsu ma a kulle bayanan suke ta cikin bod

Masta Adum:
Haka ne, wannan ka faɗi daidai. In irinsa ne sai mu bi ta USB a hankali.

Hajiya Mai Atamfa:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya. Ni ma laftof ɗin shago ce a Kejetia, duk lissafin masu ɗaukar kaya bashi yana ciki yarinyata ke shigarwa. Tun Juma'a in an kunna sai ta yi kas kas kas kamar agogon bango kusan sau goma sai ta yi shiru, allon baƙi da ɗan rubutu. Wani yaro ya ce zai buɗe haddisk ɗin ya goge da auduga wai ƙura ce. Shi wannan didi reskiyu ɗin zai yi min?

Masta Adum:
Hajiya ina wuni. Don girman Allah kar ki bari ya kwance ko noti ɗaya. Ƙurar da ido ba ya gani ma ta fi tazarar allurar girma, balle auduga, balle iskar Kejetia. Naki ya bambanta da na Mai Hoto. Kas kas a jere sannan ya kashe kansa, yawanci allurar ce ta kasa karanta komai, tana zuwa tana dawowa tana bugun maƙura. Manhaja ba ta da abin yi a nan don kwamfutar ma ba ta ganin sa daidai. Aikinsa sai an samo wani haddisk irinsa sak, a cire allurarsa a dasa wa naki a cikin akwati mai tace iska, kuma ni ba ni da wannan kayan, ba zan karɓi kuɗinki in yi miki gwaji ba. Ki daina kunnawa daga yau. In za ki kai wa masu yi, ki tambaye su ko suna da wurin buɗewa mai tsabtataccen iska, ki ce su nuna miki jerin fayilolin da suka samu kafin ki biya cikon kuɗi, kuma in sun ce za su tura shi waje ki san ina. Yana da tsada, sai ki auna da yawan bashin da ke ciki. Kafin nan ki tambayi yarinyar ko ta taɓa tura fayil ɗin ta WhatsApp ko imel, sau da yawa a can ake tsintar na watan baya.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya yi albarka. Yanzu na kira ta, ta ce ta tura wa babanta na ƙarshen watan jiya. Saura na sati uku, wannan ina da shi a littafi ko da ba duka ba. Na hana yaron.

Ɗan Nima:
Tunda ana yi bari in tambaya, akwai nawa na tebur da ya ƙone lokacin dumso na 2015, da ake ta ɗauke wuta, wuta ta dawo da ƙarfi na ji ƙauri, ko juyi ba ya yi. Na je Tip Toe Lane a Circle nan Ankara na sayi bod iri ɗaya na ɗaura, ya juya amma bai nuna komai ba. Yana nan cikin akwati har yau

Masta Adum:
Naka ma yana iya fin na kowa sauƙi in ba ka yar da tsohon bod ɗin ba. Akwai ɗan ƙaramin cif a kai mai ƙafa takwas, a ciki aka rubuta saitin wannan faifan shi kaɗai tun daga masana'anta, shi ya sa bod ɗin wani ba ya karanta shi ko lambarsu ɗaya. Sai a ciro cif ɗin da iska mai zafi a dasa a sabon, masu gyaran waya da hannunsu ya faɗa suna iyawa. Wasu samfurin saitin yana cikin babban cif ne, wannan ya fi wuya. Wani lokaci ma ba sai an canza bod ba, akwai diyod mai tsaron ƙofar wuta da ke sadaukar da kansa in wuta ta yi yawa, mita za ta nuna shi.

Ɗan Nima:
Tsohon na nan cikin ledar. Zan nemo shi

Mai Hoto Aboabo:
'Yan uwa ga inda aka kwana. Shekaranjiya na kai wa Masta, Ɗan Tek ma ya zo. Kwanson ya buɗu, ɗan bod ɗin USB ya zare, aka jona ta SATA. Da aka duba lafiyarsa sektocin da suka ƙi karantuwa suke jiran hukunci sun haura dubu, Masta ya ce lamba 197 ke nan a jerin SMART, wato rahoton lafiyar da haddisk ke ajiyewa da kansa, da na san ana dubawa da tun bara na gani. Aka sa masa ƙaramar fanka tana hura shi don kar ya yi zafi. Teburin ya fito sai ɗan abin da ba a rasa ba, suka gano inda foldar Baba take aka fara da can kamar yadda Ɗan Tek ya ce. Ina zaune a benci ina kallon lambobi suna tafiya, in ya yi cit sai gudun ya faɗi ƙasa cikina ya ɗuri ruwa, can sai ya tsallake ya ci gaba. Fayil 87 ne a foldar, 85 sun fito lafiya lau. Biyu suna da rami, ɗaya na daren 14 ga azumin ƙarshe, ana cikin karatu sai ya yi tsalle kamar na daƙiƙa huɗu. Na sa iyafis a nan shagon na ji inda yake gyaran murya kafin ya fara, da tarin nan nasa, da muryar mai jan baƙi, har kukan akuyar gidanmu ya shiga. Sai da na fita waje na tsaya. Daren nan na kai wa Inna a waya, ba ta ce komai ba ta dai riƙe wayar a kunne har aka kira isha'i. Yanzu yana wuri uku, sabon haddisk, wayar Inna, da Google Drive.

Baba Alabar:
Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Masta da yaron nan da alheri. In ba damuwa ka turo min na daren 27, ina wurin a shekarar.

Wani Ɗan Sawaba:
Masha Allah. Ka yafe min maganar ranar nan Yaya, ban san zafin abin ba

Mai Hoto Aboabo:
Ba komai ƙanina. Baba zan turo in sha Allah. Saura matsala ɗaya, babban kwafin ya tsaya a kashi 96 da ɗoriya, da asubahin yau haddisk ɗin ya fara kas kas irin na Hajiya, Masta ya kashe shi ya ce ya isa. Kuma ramin ya faɗa daidai kan bikin ran Lahadi, hotuna sun fi ɗari da rabinsu toka toka ne, ciki har da na ɗaurin aure a masallaci. Ban san da wane baki zan gaya wa dangin amarya ba.

Ɗan Tek:
Yaya tsaya, katin memorin kyamarar fa? Ka yi masa fomat?

Mai Hoto Aboabo:
Na yi a cikin kyamara ran Litinin, amma ban ɗauki komai a kai ba sai hoton fasfo guda shida na wani yaro

Masta Adum:
To kar ka ƙara ɗaukar ko ɗaya. Fomat na kyamara yawanci teburin kawai yake sharewa, hotunan na nan kwance sai an rubuta wani abu a kansu, wasu kyamarorin ne dai ke shafewa gaba ɗaya, sai mun gwada za mu sani. Zare katin yanzu, ka tura ɗan makullin gefensa ƙasa ya kulle, ka sa a ambulan. Nan ne aikin PhotoRec, sunayen ba za su dawo ba sai lambobi amma ranar ɗauka tana jikin kowane hoto, da ita za ka jera su. Kar ka kira dangin amarya tukun. Ina buɗe shago ƙarfe takwas da rabi.

Mai Hoto Aboabo:
Na zare na kulle. Akwai suna da zan ɗauka gobe da safe a Asawase, wa ke da katin giga 32 da zai ara min zuwa yamma?